Gidan da Na Saya Ina Cikin Takaba

Mijina ya rasu wata Laraba a kan hanyar Sheme, lokacin kakar auduga. Malamin gona ne. Ya fita a kan babur zai je duba wata gona, motar ɗaukar auduga ta kwashe shi a kwana. Kafin la'asar an yi masa sutura. Ya bar ni da ɗiya biyu mata, babbar tana aji uku a firamare, ƙaramar tana jiran shekara ta zagayo a sa ta. Muna zaune a sashensa, cikin babban gidansu a Faskari.

A ɗakin nan na yi takaba. Na tuɓe 'yan kunne da awarwaro, na tura kwalli da turare ƙasan akwati. Surukata ta kawo mini zannuwa biyu masu duhu da wata 'yar wuƙa, ta ce in riƙa soke ta a ƙugu duk inda zan shiga. Na yi karatu har sakandaren 'yan mata, kuma na yi littattafan farko na fiƙihu a gaban mahaifina, don haka na san wuƙar nan ba ta cikin littafi. Na karɓa na soke. Tsohuwar ɗa ta binne, ba lokacin gardama ba ne. Abin da ke cikin littafi kuwa na riƙe shi da gaske: wata huɗu da kwana goma ba ado, ba kwana a wani gida, kuma ba a ƙulla alkawarin aure da mai takaba. Namiji na iya nuna nufinsa a kaikaice, amma a fito fili a ce za a yi, wannan an hana.

Bayan sadakar arba'in, wan mijina, wanda duk gidan ke kira Alhaji Babba, ya sa aka kira ni. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce in na fita takaba zan koma wajen dangina kamar yadda aka saba. Sai dai maganar yara. Ubansu ya sha faɗa masa yana so su yi karatu kamar uwarsu. Gidan yayana a Pauwa kuwa ya san shi: ɗakuna a cike, makaranta da nisa, da damina rafi na tsare hanya kwana da kwanaki. In Allah ya ba ni wurin zama tabbatacce a garin da ke da makaranta, zai bar mini su da zuciya ɗaya. In ba haka ba, za su zauna a Faskari wajen matarsa. Ya ce ni da na yi boko na fi shi sanin gaskiyar wannan. Na ce haka ne. Na koma ɗaki na tarar da ƙaramar tana barci ta rungume kallabina, na zauna ina kallonta har aka kira azahar.

Abin da na mallaka a duniya shanu biyar ne, gadon mahaifina, suna hannun wani dattijon Bafulatani a Ruwan Godiya. A da da sun sayi gida har da canji. Amma shekarar nan kuɗin mai sun shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai yawa, kowa na neman siminti da kwano. Gidan da aka yi wa kuɗi ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ya tashi.

Cikin masu zuwa gaisuwa akwai abokin marigayi, mutumin Sabuwa. Da malamin awon auduga ne, ya bari ya fara 'yan ƙananan kwangiloli, gyaran kwalbati da yaɓen ofis. Matarsa ta rasu wajen haihuwa shekara biyu kafin nan, bai sake aure ba. Malam nake ce masa tun mijina na da rai, kuma ko bayan ya je Makka bakina bai saba da Alhaji ba. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya ɗaga ido ya kalli mace. Duk Juma'a zai aiko wa yara da tsire ko lemo, sau ɗaya har da takalman makaranta, kuma daidai ƙafarsu, abin da ya ba ni mamaki.

Yayarsa tana aure a bayan gidanmu. Hajiya muke ce mata, mai ƙiba, mai dariya, tana sayar da atamfa gida-gida. Ita ke shigowa ta taya ni hira da hantsi. Wata rana tana tsince mini shinkafa ta ce ƙanenta ya rame, tuwon kasuwa ya ishe shi, ita kuma ta gaji da wanke masa riguna kamar ita ta haife shi. Ta ɗago ta dube ni ta ce akwai masu yi mini fatan alheri, Allah dai ya kai mu. Na sunkuyar da kai na ce amin. Iyakar abin da aka halatta ke nan, kuma da a nan muka tsaya da ban rubuta wannan ba.

Saura kwana talatin da 'yan kai in fita, Hajiya ta shigo da sauri ko mayafinta ba ta gyara ba. Wani tela a Ƙanƙara zai koma Kaduna, yana sayar da gidansa, kuma yana son kuɗinsa kafin sati biyu. Da ta kwatanta mini sai na gane gidan, don ina yarinya na zauna wajen gwaggona a unguwar. Zaure ɗaya, ɗaki uku, rijiya a tsakar gida wadda ba ta ƙafewa, ga bishiyar lemun tsami a bayan madafa. Daga ƙofar gidan ana jin ƙararrawar makarantar firamare. Ta ce Malam yana da wajen rabin kuɗin, sauran sun maƙale a wani aiki da ba a biya shi ba. Ta ce ya san maganar da Alhaji Babba ya yi a kan yara. Ban tambaye ta yadda aka yi ya sani ba.

Washegari da hantsi Malam ya zo. Ya tsaya a soron sashenmu, ni ina daga ciki bayan asabari, Hajiya na zaune a dokin ƙofa tsakaninmu tana cin goro. Ta tsakanin karan asabarin ina ganin ƙafafunsa kawai da bakin rigarsa. Bai ambaci aure ba, ni ma ban ambata ba. Ya ce gida ne na mutum biyu, rabi da rabi, kuma yaran amininsa ba za su tashi a hannun wani ba yana da rai. Da ya faɗi haka hawaye suka zubo mini, na toshe baki da gefen zane.

Sai ya ce, "In kin yarda, sai a rubuta sunana da naki a takardar. Mai unguwa zai karanta a gaban shaidu."

A raina na hango zauren mai unguwa. Dattawa a zaune, dillali, tela, maƙwabta, a karanta sunan matar malamin gona da ya rasu wata uku da suka wuce, manne da sunan abokinsa gwauro. Kafin magariba labari ya iso Faskari. Surukata za ta ji, wadda har ranar ba ta iya cin abinci sai an matsa mata. Za a ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na shirya wani. Kuma ba za a yi mini ƙarya ba, don ni na san abin da ke cikin zuciyata.

Na ce, "A'a, Malam. A sa naka kaɗai. In na fita a gyara."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Hajiya ta tofar da goro ta ce ai ita ce takarda, ita ce hatimi, wa zai ci amanar marayu tana numfashi. Muka yi 'yar dariya, dariyata ta farko tun ranar Larabar nan.

Na iya rubutu. Akwai alƙalami da littafin yara a kan akwati, taku biyu daga inda nake zaune. Layi uku sun isa, shi ya sa hannu, in ninke in sa cikin Alƙur'anina, ba mai gani. Tunanin ya zo mini, na kore shi. Gani na yi in na rubuta, abin ya zama alkawari ke nan, na shiga haramun da hannuna. In ban rubuta ba kuwa, ai ba a ce komai ba. Haka na yi wa kaina fatawa a bayan asabari.

Bafulatanin nan ba ya sakin saniya da saƙon baki. Tun zamanin mahaifina sai an kai masa shaida, wani zoben azurfa mai jan dutse. Na ciro shi daga cikin kumbo na ba Hajiya, ta ba ƙanenta. Ranar kasuwar Sheme aka sayar da shanun biyar. Yayana ma ban gaya masa ba. Bayan kwana huɗu Hajiya ta dawo mini da zoben da ƙullin goro da alewa, ta raɗa mini cewa tela ya sallama, an yi addu'a, an shafa.

Na fita takaba ranar wata Asabar. Aka yi sadakar waina, na yi wanka na sa sabon zane, surukata ta karɓi wuƙarta ta rungume ni tana kuka. Na roƙi Alhaji Babba ya bar mini yaran zuwa lokacin da za a koma makaranta bayan damina, na ce ina sa ran wani wuri a Ƙanƙara. Ya dube ni ɗan lokaci, bai tambayi wane wuri ba, ya ce Allah ya tabbatar. Muka tafi Pauwa mu uku, aka ba mu ɗakin da ake ajiye buhunan dawa.

Sati biyu bayan nan manyan Malam suka zo wajen yayana da goro, aka yi maganar aure a fili yadda ya kamata. Yayana ya yi murna. Aka ce sai an gama gyaran gida a sa rana.

Sau ɗaya na shiga gidan nan a matsayin mai shi. Hajiya ce ta kai ni, da yaran. An cire jinkar ɗaki biyu ana buga kwano, tsakar gida duk ɓaraguzai. Na ɗauki tsintsiya na share inda zan iya, magina suna yi mini dariya wai gobe ma sai ya sake cika. Na ja ruwa a rijiyar na sha, na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu a ɗakin gabas. Babbar ɗiyata ta auna taku daga ƙofar gida zuwa makaranta ta dawo tana haki, ta ce ko an fara buga ƙararrawa ta fito ba za ta makara ba. Ƙaramar ta cika gaban rigarta da lemun tsami ɗanye. A satin na sa aka kwaso gadona na ƙarfe da kwalloli da tasoshina daga Faskari aka zuba a ɗakin gabas, aka sa kwaɗo, mabuɗi na hannun Malam saboda magina.

Na tuna masa maganar takarda sau biyu. Na farko ya ce mai unguwa ba shi da lafiya. Na biyu ya yi murmushi ya ce nan da 'yan kwanaki ai ni da gidan duk wuri ɗaya za mu koma, me ake ci da gaggawa. Na ji kunya na bari.

Daga nan zuwansa ya fara ja baya. Lokacin gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, ana ta raba kwangilar gina azuzuwa a ƙauyuka, kowa da ke da shebur ya zama ɗan kwangila. Malam yau yana Funtuwa, gobe yana Kaduna. Sai muka ji ya sami azuzuwa a ƙauyuka da dama tsakanin Sabuwa da Faskari, aikin da ya fi ƙarfin irinsa nesa ba kusa ba. Ya sayi farar akori-kura. In ya zo Pauwa yara su kewaye motar, shi kuma ya zauna a ƙofar gida minti kaɗan yana duba agogo. Ya kan kawo mini atamfa mai tsada da sabulu mai ƙanshi. In na tambayi gida sai ya ce saura fenti. Na lura ya daina cewa gidanmu, sai dai gidan Ƙanƙara. Na lura kuma Hajiya ta daina aiko da gaisuwa. Na ga duk wannan, na ce wa kaina hidima ce ta yi musu yawa.

Damina ta ja, dawa ta fara fitar da kai, saura sati uku a koma makaranta. Ranar kasuwar Ƙanƙara na bi matar yayana, na ce zan sayo wa yara yadin makaranta. Da muka gama na ce ta raka ni in ga fenti.

An yi fentin, shuɗi. An sa ƙofar ƙarfe a zaure, an ja wayar eriya a kan rufi. Na yi sallama na shiga. Wata mata da ban taɓa gani ba tana shanya kayan jarirai a igiya, daga rijiya zuwa bishiyar lemun tsami. Ta amsa da fara'a, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa a kofin gilashi. Ta ce watansu guda da tarewa. Maigidanta babba ne a ofishin da ke raba ayyukan gine-gine, yana can birni, yakan zo ƙarshen mako. Wani ɗan kwangila ne, mutumin kirki, ya ba shi gidan kyauta, har da takarda. Ta tambaya ko ni ce mai kayan da aka tarar a ɗakin gabas. Suna zauren maƙwabta, ta ce, ta sa an rufe su da buhu saboda kaji.

Na sha ruwan, don ta riga ta miƙo. Na yi mata barka da jariri. Matar yayana tana ta kallona ba ta gane komai ba. A zauren maƙwabta na ɗaga buhun na ga gadona a kwance, ƙafafunsa a sama, kwallolin a cikin juna, murfi ɗaya ya lotse. Sai a mota na gaya mata, ita kuma ta gaya wa yayana kafin in cire mayafi.

Yayana bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni sau uku ko da gaske duka biyar ɗin, sannan ya aika a kira Malam. Ya zo bayan kwana biyu da la'asar, cikin sabuwar shadda, ya zauna a kan tabarma a zaure. Wannan karon ban tsaya bayan komai ba, na zauna a gefen yayana.

Bai musa ba da farko. Ya ce haka ake yi yanzu, wanda bai ba da ba ba ya samu. Gidan ƙasa mai ɗaki uku ya ba da, ya sami aikin da zai gina biyar irinsa. Ya riga ya sayi fili a Sabuwa, zai yi mini na bulo da siminti, da famfo. Yana magana yana murmushi kamar wanda ya kawo albishir. Na ce yaushe. Ya ce baɗi war haka in Allah ya so. Na ce saura sati uku a karɓe mini yara, ya sani, da bakinsa ya ce ba za su tashi a hannun wani ba. Ya ce yara ai suna gidan ubansu, ba daji za a kai su ba, shekara ɗaya kamar gobe ce.

Yayana ya ce ba a yin kyauta da abin da ba naka kai kaɗai ba. Rabin gidan na ƙanwarsa ne, ko a dawo da shi ko a haɗu gaban alƙali.

Murmushin ya ɗauke. Ya gyara hularsa, ya dubi yayana, ni bai dube ni ba.

"Yaya, ni na ce a sa sunanta, ita ta hana. Ka tambaye ta dalili. Ka kuma tambaye ta a wane wata ta aiko mini da zoben. In tana so a faɗi wannan a gaban alƙali, mutanen Faskari na zaune, to bismilla."

Na sha jin zafin rashin gidan, amma wannan maganar ce ta fi tsaya mini. Abin da na ɓoye don kunya da tsoron Allah, shi ya adana tun ranar, ya san inda zai yi masa amfani. Na tuna yadda ya tambaye ni ko na tabbata, a hankali, da sanyin muryar nan.

Kwana uku ina istihara. Na ga dai sunana da nake karewa ba zai riƙe mini yara ba. Na ce wa yayana mu je.

Kotun cike take ranar. Alhaji Babba ya zo, ya zauna a bencin gaba ya dogara da sandarsa. Alƙali ya ce in faɗi da'awata. Na faɗa tun daga farko, ban rage ba. Da ya tambayi lokacin da aka yi cinikin na ce ina cikin takaba, saura kwana ashirin da wani abu. Na ji ɗakin ya yi wani irin guna-guni. Ban waiwaya ba, ƙeyar Alhaji Babba kawai nake gani, ba ta motsa ba.

Malam ya ce shanu kam ya karɓa, amma rance ne na taimakon sana'a, kuma a shirye yake ya biya kuɗinsu yau. Gida nasa ne shi kaɗai, ga takarda, ga shaidu. Mai unguwa ya ce sunan mutum ɗaya ya karanta. Bafulatanin ya zo tun daga Ruwan Godiya, ya ce shi zobe ya gani ya saki shanu, bai san abin da aka yi da su ba, ya juyo ya ce mini, "Ɗiyata, da kin tambaye ni." Aka kira Hajiya. Ta shigo ta rufe fuska da mayafi, ta ce ita tana wurin amma goro take ci, ba ta riƙe abin da aka ce ba, ga shi kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Shekara tara muna maƙwabtaka ban taɓa jin labarin kunnen nan ba.

Alƙali ya yi mini bayani da haƙuri. Mai da'awa shi ke kawo shaidu, ni kuwa ba ni da su. Abin da ya rage rantsuwa ce a kan wanda ake ƙara. In ya rantse da Alƙur'ani cewa ba ni da rabo a gidan, magana ta ƙare. In ya ƙi, a dawo kaina. Ya tambaye shi ko zai rantse. Ya ce zai rantse.

A raina na ce ba zai iya ba. Mutumin nan ya yi sahu da mijina shekaru, na sha jin karatunsa a zaurenmu da azumi. Na ce in ya ga Littafin zai tsaya.

Aka ba shi buta ya fita bakin baranda, daga inda nake ina ganinsa ta ƙofa. Ya naɗe hannun shaddarsa a hankali kada ta jiƙe. Ya cire agogo ya sa a aljihu. Ya wanke hannu sau uku, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, ya tsefe gemu da yatsu, ya bi tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ina duban hannunsa ko zan ga rawa, ban gani ba. Masinjan kotu ya fito da Alƙur'ani cikin gafaka ya riƙe da hannu biyu. Malam ya shigo yana sharce ruwa daga gwiwar hannu, ya miƙa dama.

Na dubi alƙali na ce, "Allah ya gafarta Malam, kada ya rantse."

Alƙali ya ce in sake faɗa. Yayana ya juyo yana yi mini alama da ido.

"Kada ya taɓa shi. Na janye."

Alƙali ya tambaye ni ko na san ma'anar abin da na ce, ko wani ya tsorata ni. Na ce na sani, ba wanda ya tsorata ni. Tun ina yarinya nake jin abin da ke samun mai rantsuwar ƙarya, shi da zuriyarsa, kuma na yarda da shi har yau. Ko ya rantse gidan ya tafi, ko na janye gidan ya tafi. Abin da ya rage a hannuna kawai shi ne ko zan tsaya ina kallo a ɗora hannun nan a kan maganar Allah saboda ƙarar da ni na kawo. Ban iya ba. Mutane suka yi ta cewa na yafe masa, wasu har suna yaba mini. Ban yafe ba. Na yi ƙoƙari a shekarun da suka biyo, a Arfa ma na gwada, abin bai sauka ba, kuma Allah ya san ban ɓoye masa wannan ba.

Malam ya ajiye kuɗin shanun a gaban alƙali, yayana ya ɗauka. A lokacin ko zaure ba za su saya a Ƙanƙara ba. Goron da manyansa suka kawo, yayana ya sayi irinsa ya mayar musu a ranar.

A bakin kotu Alhaji Babba ya tsaya ya jira ni. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran abin da zai ce a kan takabar ƙanensa. Bai ce komai a kai ba, ranar ko bayanta. Ya ce Litinin ta sama za a koma makaranta, zai turo mota ranar Asabar. Ya ce duk hutu za a kawo mini su, kuma ya cika wannan.

Ranar Juma'a na yi musu kitso, na ɗinke yadin da na sayo ranar kasuwar nan, na rubuta sunan kowace a cikin wuyan rigarta. Washegari da mota ta zo, babbar ta gane, ba ta yi kuka ba, ta riƙe hannun ƙanwarta. Ƙaramar ta ɗauka biki za su, tana ta tambaya ko in sun dawo gidan mai rijiya za mu wuce. Na ce ta shiga mota tukuna.

Hutun farko aka kawo su da tsakar rana, sun yi ƙiba, an yi musu wani kitso da ba irin nawa ba. Na rungume su, na shigar da su ɗaki, na fita ɗebo musu fura. Da na dawo na tarar da ƙaramar a tsaye gaban randa, moɗa a hannunta, ba ta buɗe ba, kamar baƙuwa. Ta dube ni ta ce, "Inna, in sha?"